Baba Allura da Rigar Ɗan Dako

Da asuba, tun mai gadi bai gama murza ido ba, Baba Allura ya riga ya shiga gidan tarihi yana ɗiga wa kekensa na ɗinki mai. Haka yake yi kullum, ba tare da kowa ya sa shi ba.

Tela ne tun yana saurayi. Da kayan gwanjo suka cika kasuwa, shagonsa ya koma wurin gyangyaɗi da korar ƙuda. Ana nan sai aka mai da tsohon sito na bakin titi gidan tarihi, aka tara kayan aikin mutanen da: garma, sikeli, fitilu, tsohuwar rediyo. Shugabar gidan, wata mai tabarau da ba ta ɗaga murya, ta zo neman kekensa na ƙafa don a ajiye. Ya ce keken ba ya zuwa ko'ina sai da mai shi. Ta kwashe su duka biyun.

Aka ba shi lungu kusa da ƙofar fita, yana ɗinka 'yan jakunkuna baƙi suna saye. Titin ma ya farfaɗo. Mai shayi ya ƙara benci, mai hoto ya buɗe shagon da ya daɗe da garƙamewa, matar Baba ta daina yi masa kallon nan na "yau ma haka ka dawo?"

"Baba, duk kayan tarihin nan kai kaɗai ne kake cin abinci," in ji mai shayi.

"Shayinka ya girme ni, shi ya kamata a sa a gilashi," in ji Baba.

Doka ɗaya Shugaba ta kafa masa: kada ya taɓa abin da ke bayan igiyar da aka kewaye kayan tarihin da ita. To, a bayan igiyar, daidai inda kujerarsa ke fuskanta, an rataye rigar wani ɗan dako, mai kauri, a yage tun daga kafaɗa har ƙirji. Shi kuwa Baba, ko a wurin ta'aziyya ya ga maɓalli yana reto, sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Akwai bayani a ƙasan rigar, amma bai taɓa sunkuyawa ya karanta ba. Ya ce yagewa ba ta bukatar bayani, zare take bukata.

"Baƙi suna zuwa daga nesa," ya ce wa matarsa. "Su ga tela, su ga tsumma a gabansa. Wa za a zaga?"

"Malam, ka tsaya inda aka ajiye ka," ta ce.

Bai tsaya ba. Ya jiƙa zare a ruwan shayi har launinsa ya yi daidai da na rigar, ya shanya. Wata asuba ya tsallake igiya, ya yi ɗinkin hannu irin wanda bai taɓa yi wa ko ango ba. Ya koma kujerarsa ya gyara hula, yana jiran yabo.

Wadda ta fara shigowa wata tsohuwa ce mai sanda, da ya saba ganinta tana kawo jikoki. Ta tsaya gaban rigar ta daɗe.

"Ina yagewar?" ta ce.

"Na rufa mata asiri, Iya."

"Rigar ubana ce. Ranar da tsohuwar kasuwa ta kama da wuta, a kafaɗar nan ya fito da ni. Ƙusar ƙofa ta kama shi ta wancan gefen, bai tsaya ba. Abin da nake nuna wa yara ke nan. Yanzu me zan nuna musu, iya ɗinkinka?"

Shugaba ta zo, ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ba ta yi faɗa ba.

"Baba, in zaren nan ya fita bai ci rigar ba, ka zauna. In ya ci ta, kai da keken sai gida. Ba ni da bakin da zan kare ka."

Tun yana saurayi alfaharinsa ɗaya ne, wai ɗinkinsa ba ya warwarewa, sai dai yadin ya mutu ya bar shi. Ranar ya gane gaskiya yake faɗa. An shimfiɗa rigar a tebur, Shugaba ta ba shi safar hannu, ya duƙufa da bakin allura yana ciro zare ɗaya bayan ɗaya, gumi na bin gemunsa. Yadin ya tsufa, ja kaɗan zai buɗe wata ɓarakar. Mai shayi ya leƙo ya ga ba fuska, ya ajiye kofi ya fice. Tsohuwar ta ja kujera ta riƙe masa gefen rigar.

"A hankali, ɗan'uwa. Gobara ma ba ta wahalar da rigar nan kamarka ba."

Sai bayan la'asar zaren ƙarshe ya fito. Shugaba ta duba da gilashin ƙara girma, ta gyaɗa kai. Tsohuwar ta sa yatsa kusa da yagewar, ba ta taɓa ba, ta ce, "Yauwa. Ga shi nan." Washegari Baba ya tarar an juya kujerarsa tana kallon ƙofa.

Wata safiya bayan nan, sai ga shi yana wucewa ta gaban rigar, hannuwa biyu a harɗe a baya, fuska a kauce kamar mai gudun wanda suka ɓata. Yana isa ƙofa ya cafke mai gadi ta wuyan riga, ya ce masa kada ya motsa, ya zaro allura daga hularsa ya kama ɗaure masa maɓalli.