Sunan Uwar Tela

Har yau in na ji wani yana yabon mutanen unguwarmu ta Zariya a nan Maraɗi, wai masu zumunci ne, sai in ja tsaki in kau da kai. Zumuncin bakin tukunya dai. Ni na san su, na san abin da suka yi wa tsohuwata a kan 'yar guntuwar takarda, kuma wallahi ban yafe ba.

A lokacin kabu-kabu nake yi, ina ɗaukar fasinja a moto, wato babur. Duk wanda ya taɓa sana'ar ya san rabinta zama ne a bakin gudurun, titin kwalta, kana jiran mai tafiya kasuwa ko tasha. Wasu suna cika zaman da gardamar ƙwallo, ni kuwa wayar salula ce ta ja ni. Wata rana na ci karo da bidiyon wani bature yana ɓatar da kwabo a hannunsa, sannan ya juya hannun ya nuna yadda ya yi. Nunawar nan ita ta kama ni. Tun muna yara muke ganin 'yan dabo a kasuwa, ana ce mana aljanu suke aike, ashe babu komai a ciki sai yatsu da iya kawar da idon mai kallo.

Da murfin kwalba na fara. Ya faɗi ƙasa ya fi a ƙirga, 'yan uwana masu moto suna ta shewa, suna cewa ga malam mai siddabaru da murfi ya fi ƙarfinsa. Ban kula su ba. Ina tuƙi murfin yana maƙale a tafina, ina cin abinci yana nan, har hannun ya saba ya daina tsami. Ranar da na ɓatar da shi a gaban mai sayar da esansi, wato fetur, ya ce "kai, uban wa!" ya shiga duba ƙarƙashin teburinsa, ranar ban san inda zan sa kaina ba don daɗi. Daga nan na bar murfi na koma wa abin da ya fi burge ni, wato wasan da za ka nuna kamar ka karanta abin da ke zuciyar mutum.

Sai na faɗi wace ce tsohuwata kafin a gane sauran. 'Yar wani ƙauye ce a bayan Tibiri, cikin azna, kuma uwarta sananniyar 'yar bori ce a can. Babanmu ya auro ta ya kawo ta Maraɗi, ya rasu ya bar ta da mu. Tun zuwanta take wanke kanta daga wannan asalin. Da girmanta ta shiga makarantar mata ta koyi karatu, ba ta fashi ko ana ruwa. Ga ta da hannun girki, in ana suna ko biki a layinmu ita ake kira ta tsaya kan tukunya. Kowace yamma sai ta miƙa wa maƙwabta kwanon dambun zogale ko na tuwo ta kan katanga. Ba ta da gona, ba ta da shago. Mutuncin nan da ta tara a unguwa shi ne duk abin da ta mallaka.

Wasan da na koya mai sauƙi ne. Za ka ba mutum takarda da ka zana da'ira a tsakiyarta, ka ce ya rubuta suna a ciki, ya ninke ta biyu, ya sake ninkewa. Sai ka karɓa ka yayyaga a gabansa ka ƙone. Amma wajen yagar, guntun tsakiya mai ɗauke da rubutun ba ya bin sauran, babban yatsanka yana janye shi ya kwanta a tafi. Hankalin kowa yana kan wuta, kai kuma ka saci kallo. Shi ke nan fa. Baturen ya ce a ce wa mutum ya rubuta sunan wanda ya fi so a duniya, ni ma haka na haddace.

Wata Lahadi bayan la'asar muna fada, wato majalisarmu ta hira, a ƙofar shagon tela, ana dafa shayi, na ce yau zan nuna musu abu. Telan nan abokina ne tun muna lakwal, makarantar boko, ɗan Tibiri ne da ya zauna wajen wansa a unguwarmu. Na yagi takarda, na ba shi bik na rubutu, na ce ya rubuta sunan wanda ya fi so. Ni a zatona budurwarsa zai rubuta, wadda ya ishe mu da zancenta, mu yi dariya a tashi. Ya juya baya ya rubuta, ya ninke. Na yayyaga, na watsa a garwashin shayi, hayaƙi ya tashi. Na dafe goshi kamar yadda na ga ana yi, na saci kallo, na ga sunan mace. Na dube shi ido cikin ido na faɗi sunan da ƙarfi.

Babu wanda ya tafa. Tela ya miƙe tsaye, fuskarsa ta sauya.

"Uwata ka ambata?" in ji shi.

Ashe sunan mahaifiyarsa ya rubuta, sunanta na yanka, wanda duk fadar babu wanda ya taɓa ji. Kowa a ƙasar nan ya san ba a kiran sunan uwar mutum a bainar jama'a sai in faɗa ake nema. Kowa kuma ya san in za a yi wa mutum asiri, abin da boka ke fara tambaya shi ne sunan uwarsa. Ga shi na sa an rubuta, na ƙone a wuta, na ciro shi daga hayaƙi. Baturen bai faɗi wannan ba, ina zai sani? Ni ma ina cikin zumuɗi ban kawo shi a raina ba. Na yi dariya na ce wasa ne, na ce ai shi ya rubuta, ba ni na zaɓar masa ba. Mai shayi ya zuba na biyu, ya zagaya da shi, ya tsallake ni.

Da abin ya tsaya nan da an manta. Sai tsautsayi ya sa ba a jima ba uwar tela ta kwanta da masassara a Tibiri. Damina ce fa, sauro ya cika gari, kowane gida akwai mai kwance, har ni na sha magani a watan. Amma a'a, tata masassarar dabam ce, ni na aika mata. Wan telan, wani mai sayar da atamfa da ba ya buɗe baki sai ya ce "mu ahlul ilmi", shi ya ɗauki zancen ya yi ta yawo da shi gida gida. Shi ya tono asalin tsohuwata. Ya ce me ake mamaki, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, jikan 'yar bori ne, a nono ya sha. Mutumin da ya ci tuwon uwata har ya lashe yatsa a sunan 'ya'yansa!

Ni ba su iya yi mini komai ba, in fasinjan unguwa ya ƙi hawa sai in ɗauki na wata. Kan tsohuwa suka koma. Ɗan kuka dai, shi ke ja wa uwarsa jifa. Ta miƙa kwano ta katanga, maƙwabciyarmu ta ce sun ƙoshi. Kashegari ta ce cikin maigidan ne ba ya son zogale, mutumin da ya shekara goma yana cin zogalen nan. A makaranta mata suka riƙa janye tabarminsu. Aka yi suna a gida na uku da namu ba a kira ta girki ba, ta daure ta je barka, tana miƙa hannu za ta karɓi jaririn kakarsa ta ce barci yake yi. Ta dawo ta zauna a ƙofar ɗaki da hijabinta a jiki. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Dokar farko da ake koya wa mai wannan wasa ita ce kada ka taɓa nuna yadda ake yi. Na ce dokar ta ci gidansu, uwata ta fi. Na sami liman na roƙe shi ya tsayar mini da mutane bayan sallar la'asar. Dattijo ne mai sanyin hali, ya ce to. Aka tsaya a ƙofar masallaci, tela yana nan, wansa yana gaba ya harɗe hannu a ƙirji.

Na ce, "Jama'a, ku duba da kyau, babu aljani babu tsafi, yatsa ne kawai."

Na rubuta "gero" a tsakiyar takarda don kada a sake samun abin faɗi. Na ninke a hankali. Na yaga a hankali, na ɗaga hannu sama kowa ya ga yadda babban yatsa yake janye guntun tsakiya. Na ƙone sauran da ashana, na buɗe tafina, ga "gero" kwance lafiya lau. Na maimaita. Na ba wani dattijo ya gwada, takardar ta zube masa, aka ɗan yi dariya. Liman ya gyaɗa kai ya ce lallai dabara ce. Har na fara jin nauyin ya sauka daga ƙirjina.

Sai wan tela ya matso.

"Tsaya, malam. Kana nufin guntun da ke da sunan mahaifiyarmu bai ƙone ba?"

Na ce, "Bai ƙone ba mana, abin da nake ta nuna muku ke nan."

"To yana ina?"

Yana ina? A aljihu na cusa shi ranar, tare da ɓawon gyaɗa da guntun ashana. Ko na kakkaɓe shi a hanya, ko ya narke a wanki, Allah kaɗai ya sani. Wa ke ajiye shara? Na faɗi haka, na rantse. Ya juya ga mutane ya buɗe hannuwa.

"Kun ji da bakinsa. Mu da muna zaton ya ƙone, ashe ɗauke shi ya yi ya tafi da shi gida. Gidan wa? Wa ke cikin gidan?"

Na yi kansa, aka rirriƙe ni. Na faɗa masa maganganun da ba a faɗi a ƙofar masallaci, kuma ko yau ya tsaya a gabana zan ƙara masa wasu. Liman yana ta "ku yi haƙuri, ku yi haƙuri", muryarsa ba ta kai ko'ina ba. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne tela. Ya san ni tun muna cin ƙosai a takarda ɗaya, ya san ko kaza ban iya yankawa ba, amma ya sunkuyar da kai yana wasa da tsakuwa da ƙafa. Garin neman gira na rasa ido, na zo wanke uwata na ƙara shafa mata baƙi.

Uwar tela ta warke. An kawo ta likita, wato asibiti, a Maraɗi, aka yi mata ƙarin ruwa, ta koma gidanta da ƙafarta. Na ce to, yanzu sai su ji kunya. Ina! Cewa suka yi tona ni da aka yi ne ya sa muka ji tsoro muka sake ta. Mutanen da in ta mutu kai ne, in ta tashi kai ne, da me za ka yi musu magana? Babu ko ɗaya da ya tako gidanmu ya ce a yi haƙuri.

Bayan an yi girbi tsohuwa ta ce za ta je Jiratawa wajen ƙanenta, wai aikin lambu ya yi musu yawa, matarsa tana bukatar hannu. Na ce, "Inna, kada ki bar musu gidanki, ba su isa ba." Ta ce kwana kaɗan za ta yi. Amma na ga ta haɗa manyan tukwanen biki, ta ce in kai su gaba. Na yi sawu na kai, na dawo na ɗauke ta da safe. Muka bi layin a hankali, mata suna shara a ƙofar gidajensu, babu wadda ta ɗaga kai ta ce a sauka lafiya.

Muka gangara fadama, muka wuce lambunan albasa da tattasai, na tsaya a ƙofar gidan kawuna. Ta sauka, ta gyara hijabi, ta karɓi ƙullin kayanta. Har ta juya sai ta dawo, ta rage murya don kada na ciki su ji.

"Ɗan nan, ni uwarka ce, ba zan faɗa wa kowa ba. Ita ma tawa uwar da wasa ta fara. In sunan matar nan yana wajenka, don Allah ka mayar musu da abinsu."

Na buɗe baki in rantse, sai na ga yadda take kallon hannuwana. Na bar rantsuwar, na tada moto. Tana Jiratawa har yanzu.