Gyaɗar Inna a Baje Kolin Muhalli

Inna, mahaifiyata, ba ta iya zama da abin ci a gabanta mutum ya gitta ba ta ce masa bismillah ba. Ko goro take ɓarawa, ko ƙanzo take jiƙawa, in dai ka yi sallama sai ka ji tayi. A Karakkai, ƙauyenmu da ke wajen Bungudu, inda ta yi yawancin rayuwarta, wannan ɗabi'a ba ta taɓa jawo mata asara ba, domin kowa ya san amsar. Za ka ce alhamdulillahi, ka ɗan dafa ƙirji, ka wuce. Tayin ladabi ne, ƙin karɓar ma ladabi ne, kowa ya fita kunyar kowa, abinci kuma yana nan inda yake.

Bayan rasuwar Baba, da zaman ƙauye ya yi wuya, na dawo da ita wurina a Gusau, inda nake koyarwa a wata makarantar firamare. Kayanta ba su da yawa, amma akwai wata gora da ba ta yarda an ɗora a bayan mota ba. A cinyarta ta riƙe ta har muka iso. Gyaɗa ce a ciki, ko gujiya, kamar yadda bakinmu na nan yake kiranta. Ba irin ta kasuwa ba ce. Ƙanana ce, fatarta ja wur har tana ɗaukar duhu, uku-uku a ɓawo, ga zaƙi ko ɗanya ka tauna. Kakata ce ta ba Inna irin lokacin da za a kai ta ɗakin miji, kuma tun daga nan ba daminar da ta wuce ba ta shuka shi ba. Dole ce ma, don irin gyaɗa ba ya jiran mutum. In ya tsallake shekara ba a sa shi a ƙasa ba, sai dai a yi ƙuli da shi.

A Gusau gonar Inna ta koma wani ɗan fili a bayan ɗakin girkina, wanda bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Nan take shukawa, nan take yini tana hira da ganye. A shekarar da ta gabaci wadda nake ba da labarinta, awakin maƙwabta suka samu kafa a darni suka yi mana aika-aika. Abin da aka tsira da shi, bayan an ɓare, ƙaramar ƙwarya ɗaya ya cika. Duniya kaf, a iya saninmu, wannan ƙwaryar ce ta rage daga gyaɗar kakata.

Ana cikin haka sai wata ƙungiyar matasa da wasu ma'aikatan gona suka nemi aron filin makarantarmu, za su yi baje kolin kare muhalli a farkon damina. Aka sa ni cikin masu shiri, saboda an san ina da baki kuma ba na gajiya. Da na ji za a ware rumfa guda don irin shuka na gargajiya, sai na ba shugaban shirin labarin gorar Inna. Ya yi murna kamar an ba shi kujerar Makka. Ya ce lallai a kawo tsohuwa da gyaɗarta, mutane su ga abin da ake nufi da adana iri.

Inna ba ta ga dalili ba. "Mi za a gani ga gujiya?" in ji ta. "Mutane sun rasa abin kallo?" Ta riga ta ɓare irin a makon, tana jiran ruwa ya sauka sosai ta shuka. Na lallashe ta da cewa kallo kawai za a yi, da la'asar mu dawo da abinmu. Abin da ya sa ta yarda, ina jin, sabon gyalen da na ce za ta yafa ne.

Ranar kuwa filin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. An yi yayyafi da asuba, ƙasa tana ƙamshi. Motoci suka yi ta sauke mutane daga Tsafe da Bungudu da ƙauyukansu. Matan Kwatarkwashi sun zo da murhun yumɓu mai cin itace kaɗan, suna dafa wake a kai don a gani da ido, suna yi wa murhun duwatsu uku habaici kamar wata tsohuwar ƙawa da aka ɓata da ita. Wasu 'yan mata sun tsinto ledojin da ke toshe mana kwata sun saƙa jakunkuna da tabarmi da su. Ga masu kwandunan kaba suna kiran a daina karɓar leda a kasuwa. Ga wani mai kiwon zuma yana rantsuwa bai taɓa sa wa amya wuta ba. A gefe guda kuma dashen itatuwa ne jere a ƙasa, mangwaro da zogale da darbejiya da kuka, kowa zai tafi da ɗaya kyauta. Rabon dashen nan shi ne aikina.

Abin da ban lura da shi ba, ko na lura ban kawo komai a raina ba, shi ne kusan kowace rumfa ɗanɗano take bayarwa. Mai zuma yana lakata wa mutane a tsinke. Masu zogale suna zuba kwaɗo a tafin hannu. Masu murhu suna raba wake. Mai zoɓo yana tsiyayawa a 'yan kofuna. Mutum zai faro daga bakin ƙofa yana lasa yana taunawa, rumfa bayan rumfa, har bakinsa ya saba, hannunsa ya saba. A ƙarshen wannan layi aka shimfiɗa wa Inna tabarma, aka juye gyaɗarta a faifai sabo don jan ya fito, ta zauna a bayansa da sabon gyale kamar uwar amarya.

Ina can ina fama da masu son mangwaro, don kowa mangwaro yake so, ba mai son kuka, wai sai jikansa ne zai sha miyarta. Ina cikin yi wa wani magidanci wa'azi a kan haka sai na ji mai lasifika ya gyara murya. Har yau ina jin muryar nan a kunnena. Ya ce, "Jama'a, kada wanda ya bar filin nan bai ɗanɗana gyaɗar kaka da kakanni ba! Tana can rumfar ƙarshe wurin Hajiya. Ni na ci, wallahi ban taɓa jin irinta ba!"

Na saki dashen da ke hannuna. Ban san ina da gudu haka ba sai ranar, ga zani ga takalmi mai tsini. Ina tafe ina ture mutane ina ba su haƙuri a lokaci guda.

Na tarar da rumfar cike. Malamai abokan aikina, ma'aikatan asibiti, matan unguwa, kowa bakinsa na motsi, kowa yana gyaɗa kai yana yabo. Wata tana cewa a ba ta lambar wayar mai sayarwa. Inna tana zaune ƙiƙam, fuskarta da murmushin da na sani, irin wanda take yi in baƙo ya taka mata ƙafa. Faifan kuwa ana ganin saƙarsa. A daidai lokacin wani dattijo mai malafa, da dashen kuka a hammata, ya tsuguna. Ya ɗebi cikin hannu ya duba, ya shinshina, ya zuba a aljihun rigarsa. Ya sake kai hannu ya share ragowar tas, ya ƙara a aljihun.

Wannan ne ya ƙure ni. Waɗancan dai sun ci a gabanmu, shi kuma har da na tafiya. Na ce, da ƙarfin da ya sa rumfar ta yi tsit, "Baba, har da guzuri?"

Ya ɗago ya dube ni, ko gezau. Ya ce, "Har da guzuri, ɗiyata." Ya yi wa Inna sallama, ya gyara dashensa a hammata, ya bi cikin taro.

Da mutane suka watse na durƙusa gaban Inna, raina a ɓace, na ce me ya sa ba ta hana su ba. Ta ce na farkon da ya tsaya, wani ɗan boko mai ɗamarar wuya irin ta Turawa, ta ce masa bismillah kamar yadda ake yi, tana jiran ya ce alhamdulillahi. Sai ya ce na gode, ya kai hannu. Na bayansa ya gani, shi ma ya kai.

"To Inna, sai ki ce iri ne!"

"Ni da bakina nic ce bismillah," in ji ta. "In koma in ce mi? In ce su tofo?"

Dariya da kuka suka zo mini a lokaci guda. A taron da aka shirya don adana abin gado, a nan aka cinye mana namu, ana ci ana sa albarka. Shugaban shirin da ya ji abin da ya faru ya zo har tabarma ya tsuguna yana ba da haƙuri, mai lasifika kuma ya ɓace kamar ƙasa ta haɗiye shi. Inna ta ce ba komai, rabonsu ne ya tsaga. Ta tattara 'yan ɓarin da suka maƙale a saƙar faifai ta ƙulle a bakin gyale. Aka ba ta dashen mangwaro da murhun yumɓu na ban-haƙuri, muka hau keke mai ƙafa uku muka koma gida.

Ɓarin nan ta shuka su duk da ta fi ni sanin ɓararriyar ƙwaya ba ta tsira. Kowace safiya sai ta leƙa. Ba abin da ya fito. Daga baya ta sa kuɓewa a wurin, ta ce kada ƙasa ta zauna banza. Ba ta ƙara ta da maganar ba, amma gorar nan da babu komai a ciki ta ci gaba da gogewa tana rataye ta a inda take. Wannan ya fi yi mini ciwo fiye da a ce ta yi faɗa. Murhun dai ya yi mana amfani, itacen da muke saye ya ragu sosai, sai dai duk lokacin da na hura shi sai na tuna abin da aka ba mu shi a madadinsa.

Damina ta wuce, kaka ta yi. Wata ranar aiki ina cikin aji sai maigadi ya leƙo ya ce ana sallama da ni. Na ce wa ake nema? Ya ce baƙon bai san suna ba, cewa ya yi a kira masa malamar nan mai faɗa, su kuma duk ofis suka ce ni ce. Na fito da shirin nuna musu ba su yi ƙarya ba, sai na ga malafa. Dattijon nan ne, a bayan babur ɗin haya, da ɗan buhu a cinya.

Daga Bilbis yake. Ya ce tsohuwar yake nema. Na nemi izini na kai shi gida, ban tambaye shi komai ba don kada in ji abin da ba shi nake fata ba.

Inna ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, aka gaisa, aka tambayi damina da iyali. Sannan ya kwance bakin buhun ya juye. Gyaɗa ce da ɓawonta, da sauran jar ƙasa a jiki. Inna ta ɗauki ɗaya ta matsa da yatsa. Ƙwaya uku suka gangaro tafin hannunta, ja wur.

Ya ce, "Hajiya, wagga gujiya uwata ta noma ta. Daga wajen Bungudu anka kawo ta aure, da ita taz zo. Da sabon iri ya shigo munka yi sakaci, tab ɓace muna. Shekara da shekaru ina biɗa kasuwa-kasuwa. Rannan ina tsugunawa nig gane ta. Nig ga ana ta ci, nic ce in na tsaya bayani, kahin in ƙare an cinye." Ya ce ta aljihun nan ya shuka da damina, abin da ya samu ya raba biyu, rabi ya bar wa gonarsa, ga rabi ya kawo wa mai shi.

Ni dai har yau ina nan a kan bakana cewa ya kamata ya tambaya, kuma na gaya masa haka. Ya yi dariya ya ce shi ma an ce masa bismillah. Amma ina faɗa ina share ido da bakin mayafi, don ban taɓa jin daɗin ganin wanda na yi wa tsawa kamar ranar ba.

Inna tana ta juya ƙwayoyin nan uku a hannu. Can ta dubi tulin gyaɗar da ke tsakaninta da baƙo, ta dubi baƙon, na ga bakinta ya buɗe zai yi abin da ya saba. Sai ta rufe bakin, ta ware gyalenta ta lulluɓe gyaɗar ruf, ta jawo ta jikinta. Tunda nake ban taɓa ganin baƙo zaune gaban abin ci Inna ta yi shiru ba sai ranar.

Ta juyo gare ni ta ce, "Tashi maza, ki tai bakin titi ki sawo ma baƙo gujiya. Soyayya."