Ƙwan Zabin Inna da Maɗurin da Na Haɗa

Ko da kaina zai goge kamar allon aji bayan an tashi, makon da na haɗa maɗuri da hannuna zai rage a kusurwa.

Ni malamin makaranta ne a Gusau, wasa da kayan lantarki kuwa cuta ce da na ƙi neman maganinta. Na taɓa haɗa wa ƙanwar mahaifiyata, Inna ta Bungudu, akwatin ƙyanƙyasa. Wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, ba ta kai ɗan yatsa ba, ita ke kula da zafinsa. Da damina Inna ta cika shi da ƙwan zabi, sai tsawa ta ƙone ƙwaƙwalwar. Ina da sabuwa, amma fanko ce, sai an ɗura mata umarni daga kwamfuta. Maɗurin da na saya, wato na'urar ɗura mata umarnin, ya daɗe da mutuwa, ga shi lokacin an katse layukan waya a jihar, balle in yi odar wani.

Na je wurin wani Alhaji mai sayar da kayan lantarki a kasuwa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malam, abin ga ko Kano sai an yi sa'a. Koma ga allinka. Ka ce ma Inna ta dafa ƙwan tun bai zama baragurbi ba."

Na ce, "Alhaji, masu ƙera shi kai biyu gare su?"

Inna ba ta jira mahawararmu ba. Dama zabuwa ba uwar kirki ba ce, kaza ake bai wa renon ƙwanta. Inna ta bi gidajen maƙwabta tana cusa ƙwan ƙarƙashin duk kazar da ke kwanci. Ta ce mini, "Aro ne fa, ɗana. Ran da suka ƙyanƙyashe nasu za su tashi, su bar nawa ya huce."

Na tuna wani abokina a Tsafe yana da tsohuwar kwamfuta mai faffaɗar kafar jona firinta a baya, wadda za a iya ɗura umarni ta cikinta, an mayar da ita teburin ɗora buta. Na hau mota na same shi. Na feɗe matacciyar rediyo na ciro rizistoci, 'yan ƙananan kayan rage ƙarfin wuta, na liƙa wayoyi da dalma na haɗa maɗuri, na jona ƙwaƙwalwar da kwamfutar. Kwamfuta ta ce ba ta ga kowa ba. Abokina ya tafi kawo abinci, irin tafiyar mai ɓoye dariya. Na lura wayoyin sun cika tsawo, saƙo na gajiya a hanya. Na datse su, na sake liƙawa. Kwamfuta ta ga ƙwaƙwalwar ta gaishe ta, umarni ya shiga.

Da na isa Bungudu, kaza ɗaya ta riga ta tashi, rabonta ya lalace. Sauran ƙwan muka kwaso cikin zane, na sa wa akwati sabuwar ƙwaƙwalwa ya kama ɗumi, 'yan zabi suka fito.

Da wata daminar ta zagayo zabin suka fara saka ƙwai, na dafa ƙwansu na kai wa Alhaji har da yaji. Na ce, "Ga dafaffen da ka ba da shawara. Ya ɗan makara."

Tun ranar na gane cewa "babu" ta mai shago iyakarta bakin kantarsa.