Ina Ruwa Zai Bi?

Ko zan manta komai na zamana a Landan, ban da ranar da Baba ya shigo ofishinmu na Aldwych.

Lokacin ina koyon zanen gine-gine a hannun wani dattijo Ba'indiye. Shekara biyu muna fama da wani bene da za a gina a Indiya, wanda aka ce zai kere kusan duk benayen duniya. Siffar ɗakin bautar Hindu ya ba shi, irin wanda kakarsa take kai shi yana yaro, hawa kan hawa, yana tsukewa har ƙololuwa. Samfurinsa na katako yana tsakiyar ofis, ya fi ni tsawo.

Ni kuwa na gaya wa kowa mahaifina injiniya ne. Alhali maginin ƙasa ne a Zariya, tubali da azara ya sani, kuma kunyar faɗa nake ji. Da ya zo ganin likitan ido a Whitechapel, ya ce sai ya ga wurin aikina. Tun a bas nake lallaɓa shi: "Baba, gaisawa kawai za a yi, kowa busy yake."

Muna shiga ya wuce wurin samfurin. Ya zagaya shi sau biyu, hannu a baya, sannan ya sa yatsa a lungun wani hawa. "'Yar nan, tambaye shi, ina ruwa zai bi? Ban ga indararo ba."

Kamar in nutse don kunya. Na fassara da ƙaramar murya. Dattijon ya cire tabarau, ya daɗe yana duban lungun. Ashe wurin ya jima yana damunsa, ga daminar ƙasarsu ba wasa. Sai ya tambaye ni wane irin injiniya ne Baba. Baba kuma yana kallona, yana jira in fassara.

Na ce wa dattijon da Turanci, "Ba injiniya ba ne. Magini ne, da ƙasa yake gini."

Dattijon da kansa ya jawo wa Baba kujera, ya miƙa masa fensir. Sun fi awa a zaune, ni ce tafinta.

Daga baya aka fasa aikin, ko harsashi ba a haƙa ba. Takardar da Baba ya zana indararo a kai dai tana bangon ofishina har yau. Baba ya rasu bai san ƙaryar da na yi a kansa ba, kuma abin yana ci mini rai. Ranar nan na gane cewa abin da nake ɓoyewa shi ne mafi darajar abin da na zo da shi Landan.