Famfon Danchadi a Bakin Teku

Abokan aiki da ƙannena da ke tasowa sun sha roƙona in rubuta wani abu daga shekarun da na yi a aikin gwamnati. Zan fara da cewa shekaru sun ja, mai yiwuwa na haɗa wata rana da wata, ko na sa magana a bakin wanda ba shi ya faɗe ta ba. Amma ranar da aka kira ni ofishin Shugaban hukumarmu a Boɗinga aka ce in je in zaɓo masa masauki a bakin teku, wannan kam ba ta taɓa barin raina ba.

Lokacin mulkin farar hula ne, wajen ƙarshen 1982 in ban yi kuskure ba, sa'ad da aka shiga tsuke bakin aljihu, kayan waje suka yi wuyar samu. Ina aiki a wata hukumar taimakon manoma da aka daɗe da rushewa, wadda ba zan ambaci sunanta ba. Yankinmu ya kama daga Boɗinga har Shagari. Ni ƙaramin jami'in gudanarwa ne a mataki na takwas, sabon fitowa daga jami'a, ina cikin lokacin gwaji. Ga wanda bai san tsarin ba, ma'aikacin da ke gwaji ba a tabbatar da shi ba tukuna, kalma ɗaya daga shugabansa tana iya mayar da shi gida.

A shekarar da ta gabata hukumarmu ta kafa wa manoman albasa na wata fadama kusa da Danchadi injin famfo. Mu muka ce musu su faɗaɗa gonaki, mu muka ce zamanin jigo ya wuce. Jigo shi ne dogon itacen nan mai guga da ake ɗebo ruwa da shi daga rijiya ana ban-ruwa. Suka yarda, rijiyoyin suka rufta, wasu ma suka yi makamashi da itacen. Sai ga famfon ya ƙone ana gab da dashe. Babbansu, Baba Nomau, ya zo ofis da kansa.

"Ɗana, iri ya isa dashe. In munka dasa babu ruwa, mi za mu yi?"

Na ce masa akwai sabon famfo a ma'ajiyarmu ta Ikko, an ba ni izinin ɗauko shi, cikin mako guda in Allah ya so zai iso. Ya dube ni ya ce, "To za mu dasa bisa maganarka." Suka dasa, suna ɗebo ruwa daga wani tafki da ya kusa ƙafewa, suna jirana.

Ana gobe za mu tashi Shugaba ya aiko kirana. Mutum ne mai fara'a, ɗan siyasa, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya ce likita ya ce masa ya huta, kuma abokansa duk sun je bakin teku sun dawo da hotuna. Fita ƙasar waje ta yi wuya a bana, saboda haka zai yi nasa a nan gida.

"An ce kai ka yi bautar ƙasa wajen Badagiri, ka san ruwan. Tunda can za ka, duba mini wurin sauka. Ni da Hajiya da ɗiya. Abin wuni guda ne."

Na ce, "To, ranka shi daɗe." Ban ga wata amsa da ɗan gwaji zai iya bayarwa ba.

Muka tafi da a-kori-kurar ofis, ita kaɗai ce motarmu mai lafiya, ni da direbanmu Cindo. Muka karɓi famfon ba tare da wata wahala ba, muka ɗaure shi, muka rufe da tamfol. Da a ranar muka juyo, da ba ni da labarin da zan ba ku. Amma ƙa'ida ita ce motar ofis ba ta juyawa sai da umarnin Shugaba, kuma ba a ɗora kayan gwamnati a motar haya. Waya kuma sai ka je gidan waya ka ba da lambar gidansa na Sakkwato, ka zauna a benci kana jira, wani lokaci har yini ya ƙare layi bai shiga ba.

Wuri na farko da na gani babban otal ne, kowane ɗaki tagarsa na kallon ruwa. Akwai na'urar sanyi, akwai injin wuta. Na yi murna, na bayyana masa komai a waya, kuma don kada a ce na ɓoye wani abu, na ƙara da cewa ana sayar da giya a ƙasa, kuma baƙi na kwanciya a yashi ba da cikakkiyar sutura ba.

"Subhanallahi. Nan za ka kai Hajiya? Kuma in mutane sunka zaka gaishe ni, ina zan gan su, ɗakin kwana? Sake dubawa."

Wannan ban ga laifinsa ba ƙwarai. Na sake dubawa. Na sami wasu ƙananan ɗakuna na katako cikin itatuwan kwakwa, nesa da hayaniya, tsaf da su, iska na shiga ta ko'ina. Babu giya, akwai rijiyar ruwan daɗi, mai wurin ma Musulmi ne, ya nuna mini alƙibla. Daga ƙofa kana ganin masunta na jan koma. A ganina, in hutu ake nema, an samu. Layi bai shiga ba sai washegari.

"Rufin mine ne?"

"Ganyen kwakwa ne, ranka shi daɗe, amma an yi shi da kyau, ya fi kwano sanyi."

Ya yi dariya har na janye kan wayar daga kunnena. "Bukka ke nan. Malam, bukka na baro garinmu tun ina yaro. So kake a ce na tahi Ikko na kwana bukka? Nemo mini gida, mai katanga, mai zaure."

Na ce, "Ranka shi daɗe, famfon mutanen Danchadi na cikin mota. Ko Cindo ya wuce da shi, ni in tsaya in ci gaba da nema?"

"In ya tahi da mi za ka yi yawon neman? Famfo ba ya da ƙahwa, ba ya gudu. Albasa kuma ba ta mutuwa kwana guda."

Da na fito Cindo na zaune a kan bonet ɗin motar yana cin rake. Ya dubi fuskata ya ce, "Mai digiri, an kuma kayar da kai jarrabawa? Kai da ka karanta har ka ƙare boko, gidan kwana ya gagare ka."

Ban yi dariya ba. Shi ma da ya ga haka ya yar da raken, ya ce ƙanen matarsa na cikin masu gonar.

Gida mai zaure a bakin teku ba abu ne da ake samu ba, mutanen can ba haka suke gini ba. Muka yi kwanaki muna yawo da famfo a baya. A ƙarshe wani mai sayar da goro, ɗan ƙasarmu, ya kai mu gidan wani attajiri da ba kowa a ciki. Katangarsa ta fi tsayin mutum biyu, an dasa fasassun kwalabe a kanta, akwai falo a gaba da zai iya zama zaure. Daga cikin gidan ba a ganin ko ɗigon teku, sai dai ka ji rurinsa daga nesa. Na faɗa masa haka ƙarara, har sau biyu.

"Madalla. Wanga shi ne gida. Ka ga da ka natsu ka iya aiki. Ku jira ni nan, jirgi zan biyo, ina buƙatar mota."

Na ce, "Ranka shi daɗe, albasar..." Ban sani ba ko layin ne ya yanke ko shi ya ajiye. Ba zan ɗora masa abin da ban tabbatar ba.

Ya iso da iyalinsa. Muka sauke famfon a gindin katanga, domin motar za ta riƙa ɗauko baƙi. Tun safe har la'asar yana falo, 'yan kasuwa da dillalan shanu na ƙasarmu mazauna Ikko na shigowa gaisuwa, ana shan shayi, ana maganar zaɓe mai zuwa, daidai yadda yake yi a gidansa na Sakkwato. Hajiya ba ta taɓa fita ba. Wata rana ta tambaye ni ta bayan labule ko wannan ƙarar hadari ne ke tasowa. Kullum na wuce sai in ɗaga tamfol in duba famfon. Iskar gishiri ta fara sa masa tsatsa a bakin bututu. Sau biyu na sake tuna wa Shugaba, na biyun ya tambaye ni, yana murmushi, wata nawa ya rage mini a gwaji.

Ranar komawa ce kaɗai ya je bakin ruwan. Aka kira mai hoto, ya tsaya da babbar riga da takalmi, ya juya wa tekun baya, aka ɗauka, ya koma mota.

Da muka isa Danchadi mun haura mako uku da tafiya. Tafkin ya ƙafe. Yawancin dashen ya kwanta ya zama kamar zare a kan busasshiyar ƙasa. A gefe guda Baba Nomau da 'ya'yansa sun sake haƙa rijiya ɗaya, sun kafa sabon jigo, sun ceci 'yan fangaloli kaɗan. Ya amsa sallamata, ya tambaye ni gajiya da hanya, bai rage komai daga gaisuwa ba. Na fara yi masa bayani, ya ɗaga hannu.

"Mun ji, ɗana. An ce kun kai famfon ya ga ruwa." Ya nuna wa Cindo gindin wata bishiya. "Ku aje shi can. Mu dai mun koma ga jigo, shi ba ya tahiya hutu."

A taron ma'aikata na gaba aka ce cunkoson tashar jirgin ruwa ne ya jawo jinkiri. Shugaba ya yaba mini a gaban kowa saboda iya zaɓen masauki, aka tabbatar da ni a aiki kafin lokaci. Hoton ya daɗe rataye a ofishinsa. Daga baya na sha kai wa manoman wannan fadama taki da iri, suna karɓa da godiya, amma ban ƙara jin ɗayansu ya ce zai yi wani abu bisa maganata ba.

Abin da na koya, kuma nake gaya wa ƙananan ma'aikata, shi ne kada ku bari aikin talakawa da saƙon babba su hau mota ɗaya, domin na babban ne zai riƙe sitiyari. Ku nemi a raba su tun kafin a bar ofis, lokacin da magana ke da sauƙi. Kuma ku sani manomi na shuka ne a kan alkawarinku kamar yadda yake shuka a kan ruwan sama.

Idan Cindo na raye, ko wani daga 'ya'yan Baba Nomau, ko wanda ya yi aiki da mu a Boɗinga a lokacin, ina roƙo ya aiko da gyara a inda na yi kuskure, ko shekara ko tsawon kwanakin. Amma wanda zai ce mini cunkoson tasha ne ya riƙe famfon, ya bar gyaransa. Ni na rufe shi da tamfol da hannuna a gindin katangar nan.