Motar Ajiya a Tsakar Gidanmu

Ranar wata Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil, a ƙarshen daminar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, aka fasa katangar gidanmu saboda mota. Ina tsakar gida ina tsince wake a faifai sai na ji bugun diga ta bayan rumbu, kafin in miƙe ƙasa ta zubo, hasken titi ya shigo har gindin turmi, awaki suka watse kowacce ta kama gabanta. Ta wannan ɓarakar motar ta shigo a hankali, shuɗiya, sai sheƙi take, Baffa Sani ƙanin mahaifinmu yana tuƙi, Baba kuma yana gabanta yana ja da baya yana ɗaga hannu kamar mai kai bijimi turke. 'Yar Kwatano ce, wato irin waɗanda aka hau a ƙasashen Turawa aka gaji sannan aka sauke mana, amma a idonmu sabuwa ce fil. Baffa bai daɗe da sayenta ba wurin aikinsa suka tura shi ƙaro karatu ƙasar waje na wasu shekaru. Ya fito ya durƙusa, ya miƙa wa Baba makulli da hannu biyu, ya ce, "Yaya, ga ajiya." Kafin magariba magina sun mayar da katanga yadda take.

Da Baffa ya san nauyin kalmar da ya faɗa, wallahi da ya zaɓi wata. Babanmu, Malam Hamisu, manomi ne, gonarsa tana Indabo, ranar Juma'a kuma yana shiga kara ya taɓa cinikin shanu. Bai taɓa mallakar abin hawa da ya wuce keke ba, ba shi da sarauta, ba shi da dukiya, abu ɗaya yake tinƙaho da shi a unguwa: gidansa ake kai ajiya. Mai tafiya cirani ya kawo buhun wakensa, mai tafiya aikin Hajji ta kawo 'yan kunnenta, waɗanda rabon gado ya rikice musu su kawo keken ɗinkin da ake rigima a kai. Ɗaki guda ya ware, mu yara ko ƙofarsa ba ma jingina da ita. Ya sha faɗa mana cewa, "Ajiya ba a leƙa ta, ba a jijjiga ta, yadda aka kawo haka ake mayarwa." Sau ɗaya ƙanina ya zura yatsa a ƙullin dabinon wata mata, ranar ya ji a jikinsa.

To, haka ya karɓi mota, kamar buhun wake. Ya kafa mata rumfar kwano, ya lulluɓe ta da tamfol, ya zagaye tayoyin da toka yadda yake yi wa ƙafafun rumbu saboda gara. Makullin ya zauna a aljihun 'yar cikinsa, da shi yake zuwa gona, da shi yake zuwa masallaci. Aka hana yayyena buga ƙwallo a tsakar gida, mu ma 'yan mata carafkenmu da 'yar gala-gala suka koma soro, Inna ta janye murhu zuwa can lungu don kar hayaƙi ya taɓa fenti. Ni aka naɗa mai goge ta. Kullum da safe, bayan na share tsakar gida na ba awaki dusa, sai Baba ya ɗage tamfol ya tsaya a kaina in bi ta da tsumma. Ni ya zaɓa saboda a ganinsa ɗiya mace ba ruwanta da mota, ba za ta yi sha'awar murɗa komai ba. Allah Sarki Baba, bai san ta gilashi nake haddace sitiyari da giya ba, har ga shi yau ni ce mai jayayya da makanikai. A makaranta kuwa na ishi kowa da fankama, lokacin tara ina zana motar a ƙasa da tsinke, har wata ƙawata ta ce ƙarya nake, wa ya taɓa ganin motar da ba ta da ƙofar fita?

A ƙofar gidanmu akwai darbejiya, ƙarƙashinta majalisa take zama bayan la'asar, kuma zancenta ɗaya ne, mota. Manyan bakin wurin biyu ne: Ɗanlami bakanike, mai gareji a bakin titin gada, da Sale dillalin motoci, wanda ko gaisawa kuka yi sai ya ƙare wa takalminka kallo. Ina kai musu ruwa ina jin yadda suke tona asirin sana'arsu suna dariya. Wai in za ka sayi tsohuwar mota ka tafi da maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa a jikinta an yi ciko, ta taɓa hatsari. Wai ka ɗaga kafet ka sunsuna, in ka ji warin laka ta sha ruwa. Wai mai wanke inji fes kafin ka zo yoyon baƙin mai yake ɓoyewa, bakaniken da ya ce ka je ka dawo kuma sabon batirinka yake so ya musanya da gajiyayye. Sale yakan rufe da cewa, "A harkar mota, ko ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, ka buɗe bonet." Baba yana gefe yana jan carbi, amma darasi guda ya kwasa: duk wanda ya matso kusa da mota, da abin da ya kawo shi.

Shi ya sa ranar da Ɗanlami ya ce masa, "Malam, motar nan fa ba hatsi ba ce, in ba a tayar da ita mutuwa za ta yi a tsaye, ka bari in riƙa zuwa ina murɗa ta," sai Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce ya ji. Da ya shigo gida ya ce wa Inna, "Kin ji ɓarawo da sallama." Sale ma ya zo da tasa, wai a sayar kafin ta lalace, in Baffa ya dawo a sayi wata. Nan Baba ya gama tabbatarwa bakinsu ɗaya, ya naɗe buzunsa ya daina zama a majalisar. Zargi ya shigo gidanmu ya zauna daram. In mai tallan kalanzir ya daɗe a soro, leƙen asiri ya zo. In Ɗanlami ya ba ni alewa a hanya, sai an titsiye ni me ya tambaye ni. Wata safiya na tsinci guntayen waya ja da kore a ƙarƙashin motar, na kai wa Baba ina murna zan yi awarwaro. Ya jujjuya su a tafin hannu, fuskarsa ta canza, ya ce an hauro. Ya bi katanga da fasassun kwalabe, ya yi wa yayyena tambayar ƙure ɗaya bayan ɗaya har babban ya yi fushi ya koma kwana shagon abokinsa. Amma ya buɗe bonet ya duba? Ina! Ajiya ce.

Baffa yakan bugo waya jefi-jefi, muryarsa tana yankewa. Wata rana da sanyin safiya, Baba yana zaune a kan turmi da wayar a kunne, na ji ya maimaita tambayar da aka yi masa: "Ana ɗumama ta?" Sai ya ce, "Ƙwarai kuwa, sanyi bai taɓa ta ba." A wurin masu mota, ɗumamawa ita ce a tayar da inji ya yi ɗan aiki sannan a kashe. A wurin Baba, wanda ya yi rayuwarsa da maruƙa, ɗumi bargo ne. Yana ajiye wayar ya shiga ɗaki ya ɗauko bargonsa na kansa, wanda yake rufa da shi, ya shimfiɗa a kan bonet ƙarƙashin tamfol. Da yana zuwa majalisa da an warware masa a zama ɗaya, amma wa zai tambaya, bayan duk ya sa su a layin ɓarayi? Mu dai muka ci gaba da rayuwarmu a gefenta, ana shanya gyaɗa, ana sussukar gero, damina ta zo ta wuce ta sake dawowa, tayoyin suna lotsewa a hankali.

Ina ajin farko na sakandare Baffa ya dawo. Aka sake kiran mai diga, unguwa ta taru, Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya yaye tamfol da hannunsa, ya miƙa makulli yana murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya ce, "Ga ajiyarka, yadda ka bar ta." Baffa ya shiga ya murɗa. Shiru. Ya sake murɗawa, ko tari ba ta yi ba. Ɗanlami yana daga nesa ya harɗe hannu, ya ƙi matsowa tunda an taɓa kiransa ɓarawo, sai Sale ne ya ja bonet. Wari ya bugo mu. Ɓeraye sun yi gari a ciki, ga ɓawon gyaɗarmu, ga audugar kujera, ga zaren bargon Baba sun yi sheƙa da shi, wayoyi duk a gutsure, batir ya kumbura, injin ya cije ko motsi. Sale ya matsa kusa da Baffa, ya yi ƙasa da murya, amma ba ƙasan da za ta hana mutane ji ba: "Ba sai mota ta fita ake cinye ta ba, kayan ciki ai a buhu suke fita." Na ga idon Baffa ya sauka a kan Baba. Ya ce, "Yaya, kai ka ce min ana ɗumama ta." Baba ya nuna bargo, wasu samari suka tuntsire da dariya, Baffa kuwa bai yi ba, ya ɗauka rainin hankali ne. Sai ya faɗi maganar da har yau ban manta ba: "Da ka ce min kana da buƙata, ai da na bar maka ita."

Baba ya sunkuya ya ɗauki bargonsa ya shige ɗaki. Aka ɗaure motar a bayan a-kori-kura aka ja ta zuwa Kano, mu kuma muka kwana da katanga a fashe don babu wanda ya tuna da magina. Bayan 'yan makonni Baffa ya dawo shi kaɗai, ya zube a soro. Makanikan birni sun kwance injin sun ce ko ƙusa ɗaya ba a canza ba, zama ne ya kashe ta. Ya yi ta ba da haƙuri har da hawaye, Baba ya ce, "Na yafe, Sani, Allah Ya yafe mana." Kuma na san da gaske ya yafe, don sun ci gaba da zumunci har ƙarshen ransa. Sai dai washegari ya buɗe ɗakin ajiya, ya sa yayyena suka mayar wa kowa kayansa. Da yamma wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Iya Abu, ta zo da ƙullin tufafin da ta tanada don likkafaninta, ta ce a ajiye mata kar jikoki su yanka. Baba ya ce ta yi haƙuri, ya daina. Ta tsaya riƙe da ƙullin tana kallonsa, ta ce, "To Malam, wa zan ba?" Ya sunkuyar da kai har ta gaji ta tafi.

Yanzu Wudil ta cika da motoci, ɗalibai da malamai da 'yan kasuwa kowa da tasa, gidaje duk da get, babu mai fasa katanga. Mun san a cire kan batir, a tayar da inji, a sa maganin ɓera, mun san komai. Amma bara da ƙanina zai yi tafiya ya bar min motarsa, sai da ya ɗauki hoton mita da na ma'aunin mai a gabana, ni kuma ban ji haushi ba, don da ni ce haka zan yi. Ina kewar zamanin da mutum zai miƙa abin da ya fi so da hannu biyu ya juya bai waiwayo ba. A unguwarmu dai ban ƙara jin gidan da ake kai ajiya ba. Tambayar Iya Abu har yau ba a amsa ta ba.