Ranar da Ilu Ya Zama Tafintanmu

Yau ina tuƙi a kan titin Wendover na tuno abokina Ilu, dariya ta kama ni har sai da na faka mota.

Farkon shekarun tamanin ne, muna karatu a Greensboro. Maƙwabciyarmu, wata Bafaranshiya mai koyar da gogen Turawa, ta ara mana kaset ɗin waƙoƙin garinsu. Ilu, mutumin Damagaram, ya ce shi zai fassara mana, ai da Faransanci ya yi makaranta.

Ya lumshe ido ya ce, "Cewa take, masoyina, in ka tafi rana ba za ta sake fitowa ba." Abokinmu Malam Sani, da ya baro amarya a Kano, har ya share hawaye.

Sai ga maƙwabciyar ta leƙo, muka gaya mata fassarar Ilu. Ta yi dariya har da riƙe ƙofa. "Wannan ba Faransanci ba ne, yarenmu ne na Breton! Tsohuwa ce ke faɗa da saniyarta, ta cinye mata kabeji."

Ilu ko gezau. "Madam, ni zuciyar mawaƙiyar na fassara."

Malam Sani ya dafe kai. "Ashe saniya na yi wa kuka!"

Ku fa, wace waƙa kuka mato a kanta ba ku san me take cewa ba?